Barewar da Aka Mayar Gida

Tun da Haisam ya yi mata magana da Hausa, Hajo ta san akwai wata a ƙasa. Ɗan nata a Madina aka haife shi, ko faɗa take yi masa da Larabci yake amsawa. Yau kuwa har da "Inna, ki shirya, zan kai ki ganin namun daji."

Daga unguwarsu ta Al-Sih da ke Madina suka nausa sahara a motar kamfanin yawon buɗe ido. Tantin da aka ba ta har da gado mai laushi da na'urar sanyaya ɗaki, ga gahawa da dabino a faranti. Ko taɓawa ba ta yi ba. Yaron da raka ta asibiti ke yi wa wuya, yaushe ya koyi wannan hidima?

Da la'asar jagoran tafiyar ya tsayar da mota kusa da wani garken barewa. Haisam ya shiga fassara mata, alhali ya san tana jin Larabci sarai.

"Ya ce sun daɗe a wata ƙasa, sannan aka dawo da su ƙasarsu ta asali. Kin ga yadda suka yi ɓulɓul? Gida daɗi, Inna." Ya gyara murya. "Jiya ma na yi waya da Kawu Rabo a Maraɗi. Ya ce ya gyara miki ɗakinki."

Hajo ba ta dube shi ba. Ta juya ga jagoran, ta ce da Larabci, "Kafin a zuba su a mota, an tambaye su?"

Jagoran ya fashe da dariya. Haisam bai yi ba.