Gidan da ke Ƙarƙashin Hayaƙi

Audugar ta fito baƙa ƙirin, kuma a gurbin da ta goge a jikin zanen fentin sai ga ɗan shuɗi, bai fi faɗin farce ba. Dona Graciete ta tsaya da tsinken audugar a hannu. Ta tsufa tana gyaran tsofaffin zane-zane, amma yau ta ƙura wa gurbin ido kamar sabuwar shiga.

"Maƙwabciya, kin huda mini dare ko?" in ji Senhor Albano daga kan gado.

"Wane dare? Safiya ce wannan, hayaƙi ya rufe muku ita."

Zanen birninsu ne, ya yi wajen shekara ɗari biyu a dangin Albano, yana rataye saman murhu yana shan hayaƙin gasasshen kifi, har duk layin ke kiransa Coimbra da daddare. Kakarsa ta sha gaya masa cewa gidansu na asali, wanda ambaliyar kogin Mondego ta cinye, yana ciki. Ya yi ta nema tun yana yaro, bai gani ba. Da likita ya sallamo shi ya ce a bar shi ya huta a gida, abu ɗaya ya roƙa: ya ga gidan nan da idonsa.

Ta so ta kai zanen ɗakin aikinta, ya ƙi, wai ba ya ba da aron garinsa. Dole ta kafa kujera a gefen gadon. Aikin ba ya son gaggawa, mutumin kuma ba shi da lokaci, kuma dukansu sun sani.

Kullum safiyar tana ƙara faɗi. Hasumiyar jami'a ta fito a kan tudu, rana ta taɓa gefenta. Sai kogin, shimfiɗe da haske, da jiragen dakon gishiri, da mata masu wanki sun baza fararen kaya a kan yashi. Albano, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya zama mai shiru. Miyar da 'yarsa ta kawo takan huce yana kallo.

"Ashe haka muke," ya ce wata rana, a hankali. "A nan na rayu, ban sani ba."

Saura kusurwar ƙasa, inda zafin murhu ya fi dafawa. Da hantsin Talata ta isa wurin. Jan rufi ya fara bayyana, sai farin bango, sai ƙofa a buɗe, da wata mace tsaye a bakinta, ta kare ido da hannu tana duban hanya.

"Maƙwabci, ga gidanku. Har da mai jiran ka."

Bai amsa ba. Ta juya ta dube shi, ta daɗe tana dubawa, ƙirjinsa ya daina motsi. Sannan ta goge hannu a jikin rigarta, ta ɗaga zanen, ta jingina shi a ƙarshen gadon, daidai inda idanunsa suka tsaya.