Kifin Ƙarfen da Sangkala Ya Kamo

Sangkala masunci ne a ƙauyen Bontolaya, a wani ɗan tsibiri da ke kudancin Sulawesi, kuma a shekarar da wannan abu ya faru kifi ya yi masa yaji. Manyan jiragen da ba a san masu su ba sun cika teku da ruri, ƙananan masunta kuwa sai su wuni a ruwa su dawo da abin da bai isa miya ba.

Wata safiya ya ja tarunsa ya ji nauyi kamar ya kamo saniya. Tun bai ga ko mene ne ba ya riga ya sayi sabon injin kwale-kwale a ransa. Da abin ya taso sai ga wani dogon ƙarfe ruwan toka, ya fi mutum tsawo, da fukafukai biyu a gefe da siririyar eriya a wutsiya. Ba ido, ba baki. Ya zungure shi da filafili, bai motsa ba. Ya yi masa sallama, bai amsa ba. Sai ya ɗaure shi a jikin kwale-kwale ya jawo shi gida, don a ganinsa ƙarfe dai ba ya rasa amfani.

Matarsa Saribanong ta sauko daga gidansu na katako da ke kan dirkoki, ta zagaya abin tana riƙe da ƙugu.

"Daeng," in ji ta, don haka ake kiran maigida da girmamawa a can, "wannan soya shi za a yi ko dafawa?"

"Ke dai ki kama mini mu tura shi ƙarƙashin gida."

Kafin azahar ta samar masa aiki. Ta shanya ƙananan kifaye masu gishiri a kan fukafukan, ta rataye wanki a jikin eriyar, kaji kuma suka mayar da bayansa wurin hutawa.

Haka aka zauna lafiya har ranar da ƙanenta Tutu ya zo cin abinci. Tutu ba ya zuwa teku, wai ruwa yana sa shi jiri, amma babu yaƙin da za a yi a duniya bai san shi ba, saboda wayarsa ba ta barin hannunsa. Yana hango ƙarfen ya saki farantin shinkafa, ya ja mijin yayarsa bayan bishiyar kwakwa.

"Yaya, ka san abin da ka ajiye a ƙarƙashin ɗakinka?" in ji shi cikin raɗa. "Na'urar leƙen asiri ce. Manyan ƙasashe ke sakin su a teku. Ka ga eriyar nan da aka rataye gajeren wandonka? Duk abin da aka faɗa a gidan nan, yana tafiya kai tsaye kunnen janar-janar."

"Na wace ƙasa?"

"Ai nan matsalar take. Ba su rubuta ba."

Sangkala ya waiwaya ya dubi ƙarfen. Shi ko da bam ne a ciki, bai dame shi ba. Abin da ya tuna shi ne jiya-jiyan nan Saribanong ta kira shi malalaci, mai barci kamar kunkuru, daidai saman na'urar, da muryarta wadda ake ji har bakin gaɓa. Ashe janar-janar na duniya sun ji.

Daga ranar Sangkala ya zama wani mutum. Da safe sai ya sauko ya gyara zani, ya tsaya gaban ƙarfen ya yi gyaran murya. "Barka da asuba, ranka ya daɗe. Ni Sangkala ba ni da abokin gaba. Ina gaida ƙasashen arewa, ina gaida na kudu. Wanda na manta ya yi haƙuri." Ya daina tsaki, ya daina gyatsa da ƙarfi, in zai yi atishawa sai ya ruga bayan gida.

Saribanong ba ta yarda da zancen ƙanenta ba, amma ta ga riba a ciki. Sai ta tsaya saman na'urar ta ɗaga murya: "Daeng, faɗa a gaban duniya, yaushe za ka gyara rufin da ke yoyo?"

"Yau ɗin nan, uwargida," in ji shi, yana harararta yana murmushi a lokaci guda. Rufin da ya shekara yana zuba ya gyaru kafin la'asar. Washegari matakala ta gyaru. Har tukunya ya wanke.

Tutu kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Da farko mutanen ƙauye in za su wuce gidan sai su yi shiru su sanɗa. Amma wata tsohuwa mai sayar da soyayyar ayaba, Nenek Basse, ta ce ita ta gaji da kai kuka wurin da ba a ji. Ta zo da kujerarta ta zauna gaban ƙarfen, ta kori kaji, ta fara: "Ku manya, in kuna ji, wutar lantarkinmu ɗaukewa take yi kullum. Kuma jiragenku sun kore mana kifi. Kuma gwiwata ta hagu."

Shi ke nan aka buɗe ƙofa. Wani ya zo ya kai ƙarar maƙwabcinsa kan akuya. Wani ya tallata busasshiyar kwakwa ga kasuwannin duniya. Wani tuzuru ya bayyana tsawonsa da halinsa, ko akwai janar mai 'ya. Sangkala ya zama mai tsara layi, yana roƙon kowa kada a zagi kowace ƙasa da suna.

Ana cikin haka Tutu ya dawo da sabon labari, fuskarsa a murtuke. "Yaya, na yi bincike. Idan ta waccan ƙasar ce, wannan ƙasar za ta harbo mata makami. Idan ta wannan ce, waccan za ta harbo. Ko ta wace ce dai, gidanka ne zai tashi sama."

"Rufin da na gyara?"

"Har da matakalar."

Nan take Sangkala ya aro amalanke, shi da Tutu suka ɗora ƙarfen suka nufi gidan dagaci. Dagaci na hango su ya fito yana kaɗa hannuwa biyu. "Kada ku shigo mini da shi! Ni ina da jikoki!" Suka juya masallaci, liman ya tare su a ƙofa ya ce zai yi addu'a, amma daga nesa. Shugaban makaranta ya kulle ƙofarsa ya leƙo ta taga. Suka wuni suna tura amalanke ƙauye ya zagayu, jama'a na biye da su a baya, Nenek Basse na ƙwala kira wai ba ta gama bayani ba. Daga ƙarshe suka sauke shi a tsakiyar filin ƙwallo, aka kafa masa laima don kada manya su ce an wulaƙanta musu kaya. Dagaci kuma ya buga wa sojan ruwa waya.

Washegari jirgin soja ya iso. Wani hafsa mai suna Wirawan, mutum mai sanyin magana, ya tsuguna ya duba ƙarfen sama da ƙasa, ya shinshina, ya ɗago kai.

"Me ya sa yake warin kifi?"

"Ai daga teku ya fito, ranka ya daɗe," in ji Saribanong da sauri.

Hafsan ya bayyana musu cewa abin yana yawo ne a ƙarƙashin ruwa yana auna zurfi da zafi da gishirin teku, don jiragen yaƙi masu nutso su san inda za su bi su ɓuya. Ya ce ba wasa ba ne, ƙasashe da yawa suna zuba irinsa, kowa na shirin kowa, kuma sun kyauta da suka kira. Sannan ya ƙara da cewa wannan dai batirinsa ya daɗe da mutuwa, kuma ko da ransa ba hirar mutane aka ƙera shi ya ji ba.

Sangkala ya juya a hankali ya dubi matarsa. Ita kuwa ta dubi sama tana nazarin gajimare. Nenek Basse ta cire takalmi ta nufi Tutu, shi kuma ya nuna cewa in ba a kan ruwa ba ne yana da gudu.

Sojoji suka ɗauke ƙarfen, hafsan ya yi wa Sangkala godiya, aka ɗauki hotonsu suna musabaha. Da yamma gidan talabijin ya nuna hoton, aka kira shi gwarzon tsaron ƙasa, ko da yake an rubuta sunansa ba daidai ba. Wani ɗan jarida ya bugo yana tambayar ra'ayinsa kan zaman ɗar-ɗar a yankin. Sangkala ya ce shi dai roƙonsa, in manya za su yi faɗansu, su matsa can gaba, nan wurin kamun kifinsa ne.

Ganin an nuna Sangkala a talabijin, mazan ƙauyen suka bar neman kifi suka koma neman ƙarfe. Har Tutu ya daure ya shiga kwale-kwale, yana amai yana jan taru. Ranar da ya dace, ya dawo yana ihu a kira soja, ya kamo babbar na'ura fara mai ƙofa. Jama'a suka taru a bakin gaɓa, dagaci ya tsaya nesa, Sangkala ya matsa ya buɗe ƙofar da sanda. Tsohon firji ne, da kaguwa biyu a ciki. Saribanong ta kwashe su ta yi miya.