Sandar Ƙarfen Direba

"Kunya? Sai da ya mutu ka san kunya?"

Iya mai wankau ko motsi ba ta yi daga kan kujerarta ba. Ta riga ta danna sakata, ita da gawar maƙwabcinta Direba a ɗaki, yayansa kuma a waje yana magana ta jikin ƙofa. Wai ya zo da mota. Wai a naɗe masa ƙanensa a fitar ta ƙofar baya a binne shiru, kada a kai shi coci a tara jama'a a kan mashayi, sunan gidansu ya sake shiga bakin duniya.

"Ƙofar baya ta ruwan wanki ce, ɗan nan. Mutum ta gaba yake fita."

Ta kori ƙuda daga fuskar mamacin, ta gyara masa zane. Cikinsa har yanzu a kumbure, ƙafafun kamar an hura. Gefen tabarma ga sandar ƙarfensa, da tsumma naɗe a mariƙinta, ya yi baƙi don gumin hannu.

Da, babbar mota yake ja. Ranar da ta kife da shi, ɗansa tilo na zaune a gefensa; uban ya fito da ƙafarsa, ɗan bai fito ba. Matar ta tattara ta tafi. Shi kuma ya kama kwalba. Wannan yayan da ke ƙwanƙwasa ƙofa yau, shi ya ce wa mai gadinsa kada ya ƙara barin sa shiga, wai yana tsorata baƙi. Haka Direba ya gangaro gidan hayar nan, ɗakin da ke kusa da igiyar shanyar Iya.

Wata safiya ta fito ɗiban ruwa ta tarar da shi zaune a bakin rijiya, ƙafafu a ciki, takalma a jere a gefe. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye guga ta tsallaka titi ta kira Faston ƙaramin cocin da take zuwa. Ta zaci wa'azi zai yi. Sai Faston ya zauna a ƙasa kusa da Direba, ya ce sun samo tsohon wilin babbar mota za su rataye a bishiya ya zama ƙararrawa, amma ba wanda ya san ta inda ake ɗaure shi ya ba da sauti. Ko zai duba musu? Direba ya daɗe yana kallon ruwan. Can ya ce in suka ɗaure ta tsakiya sun kashe muryar. Ya jawo ƙafafunsa ya sa takalmi.

Tun daga nan bugun ƙararrawar ya zama nasa, da wannan sandar ƙarfen yake yi. Bai taɓa buga shi a kan lokaci ba. Kullum sai ya riga, mutane na tsaka da wanka su ji ƙarfe na kira. Wasu suka yi gunaguni, Fasto ya ce to a riƙa yin wankan da wuri. Giyar ma ba rana ɗaya ya bari ba. Yakan shigo yana wari, ya zauna a bencin baya, matan coci su matsa masa wuri su miƙa masa littafin waƙa, ya riƙe a juye. Ba wanda ya taɓa nuna masa ƙofa.

Da ciwon hanta ya kwantar da shi, 'yan cocin ne suka yi ta karɓa-karɓa. Mai ɗinki ta kawo abinci, mai gyaran rediyo ya juya shi, Fasto ya naɗe hannun riga ya yi masa wanka. Iya ta wanke zannuwan da ba kowa zai iya kallo ba. Lahadin ƙarshe da ya kasa tashi, jama'a suka taso suka cika tsakar gida suna waƙa, shi kuma yana ɗan buga sandar a ƙasa. Ya ce da Iya ya daina jin tsoron haɗuwa da ɗan nasa.

A waje yayan ya sake ɗaga murya, wai shi ne jininsa, shi ke da iko.

"Jini, eh. Na ga jinin, ni na wanke shi. Ban ga hannunka a bahon ba."

Ya ce wani abu a kan abin da mutane za su faɗa. Iya ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta sunkuya ta ɗauki sandar, ta zare sakata, ta buɗe ƙofar daidai shigar hannu. Ta miƙa masa ta wajen tsumman.

"Ungo. Mai bugun ya kwanta, kuma sai an kira mutane. Bishiyar na tsallaken titi. Kada ka jira lokaci, shi ma bai taɓa jira ba."