Bututu Mai Inci Huɗu

Allon da ke bakin hanyar ya ce tafiyar minti arba'in ce zuwa magangarar ruwan, mai sauƙi, har yara da tsofaffi suna iyawa. Na karanta wa Baba da ƙarfi, har da 'yar dariya, don ya san ɗansa bai ɗauki dutsen nan a bakin komai ba.

"To, Manaja," in ji shi, "ni dai tsoho ne, an ambace ni. Kai a wane layi aka sa ka?"

Manaja yake kirana tun ranar da aka ba ni kujera mai juyawa a ofis. Ni ba manajan kowa ba ne, amma kujerar ta yi aikinta: shekara tara ina kanta, tumbi ya fito, wuya ya shige.

Baba mai gyaran famfo ne, shekara talatin da biyar yana yi kafin ciwon ido ya rufe masa gani. Har yanzu akwatin kayan aikinsa na ƙarƙashin gadonsa, kusa da tsohuwar rediyo. Duk mako sai ya jawo shi, ya shafa wa kowace sifana mai, ya mayar da ita mazauninta. Daga ɗakinsa yakan ji famfon kicin yana ɗiga, ya ɗaga murya ya ce, "Wosha ce, robar ciki ta cinye, kada ku kira kowa." Na san duk wannan, kuma shi ya sa har gobe in na tuna ranar nan sai in ji kamar in nutse.

Tun yana saurayi ya yi aikin mako uku a gindin dutsen, suna jan ruwa zuwa wani masaukin baƙi. Kullum yana jin rugugin ruwan daga sama, amma ɗan kwangila bai ba su ko rabin yini ba su hau su gani. Daga baya aure ya zo, mu ma muka zo, lokaci ya tafi. Da idon ya rufe sai zancen ya dawo masa. "Ban gan shi ba, to ko tsayawa in yi a gabansa." Shekara huɗu ina cewa sai hutu mai zuwa, har ƙanwata ta gaji ta ce in ba zan kai shi ba, ita za ta ɗauki hayar mota da cikinta wata bakwai. Kunya ce ta fito da ni, ba kirki ba.

Muka kama hanya, tafin hannunsa a kafaɗata ta dama, sandarsa a ɗaya hannun. Hanyar mai kyau ce, an share ta, bishiyoyi sun haɗa kai a sama, ƙasa a jiƙe. Ni kuwa da takalmin ofis na zo, mai tsinin baki, wai ai yawo ne kawai.

Minti goma na farko ina ta surutu. Ga wata bishiya mai saiwa kamar igiya, ga tsuntsu mai jan ƙirji. A kwanar hanya ta biyu surutun ya ragu. A ta uku ya ɗauke ɗif, domin iskar da zan yi magana da ita ina bukatarta. Gumi ya manne min riga a baya, takalmi ya fara cin dunduniyata. Wasu mata biyu suka wuce mu da goyo suna hira. Wata tsohuwa da ta kusa haifar Baba ta wuce, ta waiwayo ta ce min, "Sannu, ɗan nan." Ba makahon ta yi wa sannu ba, ni ta yi wa.

Baba kuwa ko a jikinsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana hawa tanki da tsani, wannan ai tsakar gida ce.

Sai ga allo na biyu: saura rabi. A bayansa matakalar dutse ce ta miƙe har ta ɓace cikin ganye. Na ɗaga kai na dube ta, ƙirjina yana duka, idona yana ganin taurari da rana tsaka. Abin da ya kamata in ce kalma biyu ce kacal: na gaji. Amma ɗan shekara arba'in da uku ya ce wa makaho mai saba'in da ɗaya ya gaji a hanyar da yara ke gudu? Bakina ya ƙi.

A gefen hanya akwai benci, a bayansa wani tsohon tankin siminti da gansakuka ta rufe. Wani baƙin bututu ya fito daga jikinsa yana kwarara ruwa a kan duwatsu, tsayinsa bai fi ƙuguna ba. Cikin shirun dajin ƙararsa ta cika wurin.

"Baba," na ce, "mun iso."

Ya tsaya, ya ɗan karkata kai.

"Da wuri haka?"

"Masu allon nan sun cika ƙari."

Ya ce, "Madalla. To faɗa min abin da kake gani."

Na faɗa masa. Hoton da ke allon farko na zayyana masa, ina haki. Na ce tsayinsa ya kai bene hawa uku, ruwan fari fat, yana rabuwa biyu a kan wani baƙin dutse. Ya tambaya ko akwai tafki a ƙasa, na ce akwai, kore shar. Ya tambaya ko akwai bakan gizo, na ba shi bakan gizo. Da ya nemi jirgin ruwa ma da na ba shi.

Ya cire hularsa, ya ce, "Alhamdulillahi." Na kama hannunsa na tara masa ruwan, ya shafa a fuska. Daga nan ya ce mu zauna, yana so ya saurara, ya miƙo min gorar ruwansa ya ce in rage masa nauyi.

Muna zaune sai ga matan nan masu goyo suna saukowa, mayafinsu a jiƙe, suna dariya. Ɗayar ta gan mu ta buɗe baki, "Baba, ku ƙara ƙoƙari, ai saura..."

Na ɗora yatsa a leɓena, na girgiza mata kai.

Ta dube ni. Ta dubi idanun Baba, ta dubi bututun, ta sake dubana. Ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Gyara goyonta kawai ta yi ta wuce, ta bar ni da wata kunya da ban taɓa jin irinta ba. Na haɗa baki da baƙuwa don in cuci ubana a kan abu ɗaya tak da ya roƙe ni.

Mun kai minti goma a kan bencin ina kurɓar ruwan gorar.

"Numfashin ya dawo?" in ji Baba.

Na ce, "Na'am?"

"Inci huɗu ne," ya ce, yana nuna bayanmu da haɓa. "Bututun rarar tanki. In ba a sake shi ba, hannun nan ne ya ɗaura shi. Ka ji yana tari? Iska yake sha a gwiwar bututun. Tun a lokacin na faɗa wa ɗan kwangilar, bai ji ba."

Na sunkuyar da kai ina kallon tsinin takalmina.

"Baba, ku yafe min."

"Tun kwana ta biyu nake jin ƙirjinka a tafin hannuna, kamar injin da ya sha iska. Na tsorata, Manaja. Ina ta neman yadda zan ce maka na gaji ka yarda, sai ka riga ni yin ƙaryar." Ya mayar da hularsa. "Bakan gizon dai ya yi kyau."

Hawaye suka zubo min, na ji daɗi da ba ya gani, sannan na ji kunyar jin daɗin.

"Na gaskiyan yana can sama, ta hagu," ya ce. "Tun daga inda muka ajiye mota nake jin sa. In ba za ka iya ba mu koma, wallahi ba zan riƙe ka ba. Na ji shi kusa, ya fi na da."

Na cire takalman, na ɗaure igiyoyinsu na rataya a wuya. Na ɗauki hannunsa na mayar kafaɗata.

Awa guda muka yi a kan matakalar da mutane ke gamawa cikin minti ashirin. Duk taki goma sha biyar sai Baba ya ja birki, ya ce da ƙarfi yadda masu wucewa za su ji, "Kai, tsufa! Tsaya in huta, yaro." Mutane suna yi masa sannu, suna sa min albarka, wai ɗa na gari mai haƙuri da uba. Kowace albarka sai da ta ƙona ni.

Rugugin ya yi ta ƙaruwa har na fara jin sa a tafin ƙafata. Muka sha kwanar ƙarshe, sanyi ya buge mu, feshin ruwa ya jiƙa mana fuska. Bai yi kama da abin da na zayyana ba ko kaɗan. Bai rabu biyu ba, babu bakan gizo, kuma ya fi nawa girma nesa ba kusa ba.

Baba ya saki kafaɗata, ya tako gaba shi kaɗai har sandarsa ta taɓa ƙarfen kariya. Ruwa yana bin gemunsa. Na matsa kusa da kunnensa, ina so ko sau ɗaya in faɗa masa gaskiya.

"Baba, tsayinsa ya kai..."

Ya ɗaga hannu.

"Bari, Manaja," ya ce. "Wannan ba sai ka faɗa min ba."