Idon Gabas

"Gabas," in ji Malam Muntaka.

Yarinyar ta dubi allon, ta dube shi, ta sake ɗora bakin bironta a kan alamar. Alamar dai wata aba ce mai ƙafa uku kamar manjagara, an jera ta a farin allo, manya a sama, suna ta ƙanƙancewa har ƙasa. Abin da aka ce ya yi shi ne ya faɗi inda ƙafafun suka kalla. Yana zaune a benci cikin ofishin ƙungiyar direbobi na tashar Ɗambatta, ya rufe idonsa na hagu da guntun kwalin sukari kamar yadda ta umarce shi.

Ta matsa kan ta gaba, ya ce yamma. Ta gaba, ya ce sama, ta gyaɗa kai. Ta gaba kuma ya ce gabas, sai ta ajiye biron.

Sunanta Nuriyya, daga wani asibitin ido na Kano aka turo ta. Asalin zuwanta kuwa, wata biyu da suka wuce wani tsohon direba ya afka wa amalanken shanu a hanyar Tsanyawa da rana tsaka. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ƙungiya ta zauna ta yanke cewa duk wanda ya haura sittin da biyar sai an gwada idonsa. Wanda ya faɗi, a goge sunansa daga allon lodi. Shekara arba'in da ɗaya sunan Muntaka yana kan allon nan. Lasisinsa ya ce shekarunsa sittin da shida, matarsa Hure ta ce ƙarya ne, ya ba saba'in baya. Shi dai ko wanne aka ɗauka, ga shi a kan benci.

Nuriyya ta sassauta murya, irin yadda ake yi wa marar lafiya, ta tambaye shi ko ya san yau wace rana ce. Ya gaya mata. Ta tambaye shi sunan garin da suke. Ikon Allah! Garin da aka yanke masa cibiya? Ya fara tunanin ko yarinyar nan rana ce ta buge ta a hanya. Ita kuma tana kallonsa da tausayi, ta jawo jan biro ta yi wani rubutu a takardarsa. Ba ya karanta boko sosai, amma ya san jan biro bai taɓa kawo alheri ba.

"'Yata, me na yi ba daidai ba?"

"Baba, ina tambayarka dama ko hagu, kana ba ni gabas da yamma. Ina jin kanka ne ya ɗan ruɗe."

Direbobin da ke leƙe ta taga suka ɗauki surutu. Wani ya ce ai dama tsufa ta kai take farawa. Wani ya ce rufe mana baki, mutumin da ya koya maka riƙe sitiyari. Hayaniyar ce ta shigo da Alhaji Bunu, shugaban tasha, wanda tare suka koyi tuƙi da Muntaka tun ana yayin motar katako. Ya saurari kowa, ya dubi allon, ya dubi bencin, sai ya kece da dariya har da riƙe ciki.

Ya tambayi Nuriyya a ina ta tashi, ta ce unguwar Rijiyar Zaki a Kano. Ya ce to ta nuna masa gabas a ɗakin nan. Ta juya nan, ta juya can, daga ƙarshe ta laluba jaka za ta ciro waya ta duba alƙibla. Tagar ta ɗauki shewa. Alhaji Bunu ya ce ta mayar da wayarta. A nan ƙasar, in ji shi, ko tabarma za a gyara wa mutum cewa ake yi ja ta kudu kaɗan, ko ƙuda ne ya sauka a kafaɗarka sai a ce ga shi nan ta yamma. Allon nan a bangon arewa ta rataye shi. Wanda ya fuskanci arewa kuwa, damansa gabas ce, hagunsa yamma.

Nuriyya ta bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya tana motsa leɓe. Ko ɗaya bai kuskure ba. Kunya ta rufe ta. Ta soke jan rubutun, ta yi ta ba shi haƙuri. Alhaji Bunu bai jira komai ba ya danna hatimi a takardar, ya ce saura mutum tara, rana tana yi. Aka ɗaga Muntaka daga benci ana bubbuga kafaɗarsa, ana cewa tsoho mai ran ƙarfe, yau ka koya wa 'yan boko karatu.

Sai da ya kai tsakiyar tasha ya ga kwalin sukarin yana hannunsa. Ya tsaya cak. Ido ɗaya aka gwada. Cikin dariya da ba da haƙuri, ba wanda ya ce ya mayar da kwalin ɗaya ɓangaren.

Shi kuwa na hagun nan shi ne maganar. Damina biyu ke nan yana ta yi masa yana, fari-fari kamar an shafa koko a gilashi. Hure kaɗai ta sani, ita ma don ta lura in ta ajiye masa kwano ta wannan gefen sai ya yi ta lalube. Da ta matsa masa, wasa ya mayar da abin, ya ce ido ne marar tsayayyen ra'ayi, in za shi Kano yana gabas, in zai dawo yana yamma. Ba ta yi dariya ba.

To yanzu me ke nan? Ya ci ne, ko bai ci ba? Bai yi ƙarya ba, abin da aka tambaye shi ya amsa. Hatimi na gaske ne, Bunu ne ya buga da hannunsa. Ko Allah ne ya rufa masa asiri, shi kuma zai je ya tona da kansa? In aka goge sunansa, ina zai nufa da safe? Gona ya bar wa ƙannensa tun yana saurayi, ko kunya ɗaya ba zai iya ja a miƙe ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ciro, ya sake mayarwa. Wallahi bai san ko murna yake ko tsoro ba.

Lodinsa ne, amma sai da aka jima kafin bas ɗin ta cika maƙil, buhunan gero a baya, akuya biyu a ƙarƙashin kujera. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya tayar. Hancin motar yana kallon kudu, ƙofar fita. Ya duba madubi kamar kullum, ya sa giya, ya saki birki.

Bam! Wani ya daki ƙofarsa da tafin hannu. Ya taka birki, fasinjoji suka yi gaba suka dawo, ana salati.

Inna Furera ce, mai kai daddawa Kano duk ranar kasuwa, shekara ashirin tana shiga motarsa. Ta gabas ta ɓullo za ta tsallaka, kwando a ka. Tayar gaba ta take gefen takalminta, ƙafarta tana waje da ikon Allah.

"Muntaka! Duk girman nan nawa, ga kwando, ba ka gan ni ba? Tun daga wajen mai shayi nake ɗaga maka hannu."

Da dariya ta faɗa, fasinjoji ma suka yi dariya, wani ya ce ai yanzun nan likita ta ce idonsa garau. Muntaka bai yi dariya ba. Bai gan ta ba, ko inuwarta. Ya dubi takalmin robar da ke maƙale ƙarƙashin tayarsa. Ya kashe motar, ya zare makulli. Aka yi ta tambayarsa lafiya, ya ce a yi haƙuri, mantuwa ya yi a ofis.

Ya tarar da Nuriyya ta sallami na ƙarshe, har ta sauke allon. Alhaji Bunu yana gefe yana cin goro. Muntaka ya ajiye takardar a tebur, ya ɗora makullin a kanta, ya zauna a bencin.

"'Yata, saura ɗaya."

Alhaji Bunu ya daina tauna. Ya ce Muntaka ya tashi ya tafi, fasinja suna jira, an gama magana. Muntaka bai ko waiwaya ba. Ya ɗaga kwalin sukarin, wannan karon ya rufe na dama.

Nuriyya ta dubi takardar, ta ga gurbin da ta bari ba rubutu, ta dafe baki. Ta mayar da allon kan ƙusarsa a bangon arewa, ta kai biro kan alamar da ta fi kowace girma, can sama, wadda ta kai tafin hannu. Ta yi masa murmushi, don yanzu ta iya.

"To Baba, wannan fa? Gabas ko yamma?"

Ya ƙura ido. Ya daɗe. Ana jin akuyoyin motarsa suna kuka daga waje.

"Kin rataye allon ne tukuna?" in ji shi.