Tsarabar Chizuru

Shekara talatin da huɗu Setsuko Oikawa ta yi tana tsayuwa a kan injin haƙar dankalin Turawa a gonarsu da ke Tokachi, a tsibirin Hokkaido. Mijinta Masaharu ke tuƙi, ita kuwa aikinta tsince duwatsu da dankalin da ya yi kore kafin bel ɗin injin ya wuce da su. Haka take yini duk watan Satumba. Bana gwiwoyinta sun ƙi, sai ta dafa ƙarfe take iya saukowa.

Wata rana suna hutun ƙarfe uku a bakin gona, sai ga tasi ta sauke 'yarsu Chizuru, wadda ke aikin ofis a Tokyo. Ba ta gaya wa kowa tana tafe ba. Ta rame sosai. Ta gaishe su, ta zauna a kan wani kwando da aka kife, ta miƙo musu kwali mai kyau. Soyayyen dankali ne, irin mai tsadar nan da ba a sayarwa ko'ina sai Hokkaido. Ta ce a filin jirgi ta saya, sai da ta bi layi, kuma ba a ba mutum fiye da kwali biyu.

Masaharu ya juya kwalin, ya ga sunan kamfanin da suke noma wa dankali tun Chizuru na goye.

"Wato layi kika bi kika sayo min dankalina," in ji shi.

Setsuko ba ta taɓa ɗanɗana shi ba. Ta cire safar hannu, amma yatsunta sun sandare, ta kasa yaga ledar da ta zaro daga kwalin, sai da 'yar ta yaga mata. Sirara ne kamar yatsun yara, da ɗan ɓawo a bakin kowane. Ta sa ɗaya a baki, ya yi ƙurus. Gishiri ta fara ji, daga baya ɗanɗanon dankalin kansa ya taso, irin na wanda aka haƙo da safe. Ta zazzage sauran a tafin hannu ta ga duk tsawonsu ɗaya, ta tuna tulin ƙanana da karkatattun da take jefarwa kullum. Ta ce yana da daɗi, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai da za a ba ta zaɓi a lokacin, tabarma za ta zaɓa ta miƙe bayanta. Masaharu ya ce gishiri ya yi yawa, likita ma ya hana shi, sannan ya cinye leda biyu.

Sai da aka zuba shayi Chizuru ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ajiye aiki. Shekara tara tana fama da cunkoson jirgin ƙasa safe da yamma, yanzu ko abinci ba ya shiga. Gida take so ta dawo ta koyi noma.

Masaharu ya miƙe ya ce bari ya duba man inji. Tun watan Yuli ya yi wa maƙwabcinsu Hoshiba alkawarin ba shi hayar gonar daga baɗi, don su sun gaji, kuma ba su ga mai gadonsu ba. Setsuko ya bari da bayanin, ta kuwa yi shi ba tare da kwana-kwana ba.

"Mama, me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Ke ma ai ba ki gaya mana naki ba."

Shekaru Setsuko ta yi tana fatan jin wannan magana daga bakin 'yarta. Yau da ta ji, ta lalubi murna a ranta ta rasa, ba abin da ta tarar sai gajiya. Ta miƙa mata safar hannu.

"Akwai takalmin roba a mota. Hau ki tsaya kusa da ni, saura kunya takwas kafin rana ta faɗi. Maganar gona sai an gama haƙa."

A ranar farko jijjigar injin ta sa Chizuru jiri har ta yi amai. Duwatsu suka yi ta wuce ta, uban na faɗa daga gaba. Washegari kafaɗunta suka riƙe. Duk da haka ta hau, ta yi kwana goma sha ɗaya a tsaye har aka haƙe kunyar ƙarshe.

Da aka gama, Masaharu ya sa rigarsa ta fita unguwa, ya ɗauki kwalbar giyar shinkafa ya tafi gidan Hoshiba. Ya sunkuyar da kai ya roƙi a bar masa ƙaramin filin da ke bakin rafi saboda Chizuru. Hoshiba bai ji daɗi ba, don ya riga ya tsara abin da zai shuka a wurin, amma ya yarda. Sauran gonar ta tafi kamar yadda aka yi alkawari.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, Setsuko ta leƙa ta taga ta ga Chizuru na koyon ja da tarakta baya a ƙofar rumbu, uban na gefe yana mita. Ta ɗan kalle su, sannan ta ja labule ta kwanta, ko da yake rana ba ta ko take ba.