Barcin Kolo

Naushin farko ya sami Musaddiq a ƙasan kunne, har Kolo ya ji ƙararsa daga bayan makaɗa. Ƙanensa ne a fage, hannun dama naɗe da zare, yana tangaɗi tun turmin farko bai yi nisa ba.

Kolo ya san dalili. Alhaji Yunusa mai gidan damben ya raba wa yaransa agogon hannu mai auna barci da bugun zuciya, komai yana zuwa wayarsa. Wanda nasa ya nuna kore da safe ya shiga fage, mai ja ya koma benci. Tun dukan da Musaddiq ya sha a ka a Kafin Hausa nasa ja yake nunawa. Ba ya barci, kai na sara masa, wani sa'in har da amai. Amma yau da wani ɗan garin Malam Madori mai cika baki za a kara, Musaddiq kuwa gara ya mutu da a ce ya gudu. Shi ne ya lallaɓi yayansa ya kwana da agogon. Kolo masunci ne, in ya dawo daga kogi ya kwanta, ko ganga ake kaɗawa a kansa sai safiya. Har dariya suka sha da Alhaji ya ce kore shar.

Yanzu babu dariya. Ɗan Malam Madori ya lura hannun kariyar Musaddiq yana sauka, ya dinga zuba masa a wuri ɗaya. Gira ta fashe, jini ya rufe ido, haƙori ya faɗa cikin yashi, 'yan kallo na ihun a ƙara masa. Kolo ya kutsa zai shiga, wani mai tsaron fage ya sauke masa gora a kafaɗa. Yana durƙushe ya ga ƙanensa ya kife, ƙafafu na shure-shure.

A bayan a-kori-kura suka kai shi asibiti, mahaifiyarsu Kulu ta iso ko takalmi babu. Likita ta tambaya ko ya bugu a ka kwanan nan, kuma yaya barcinsa. Alhaji ya miƙa mata waya.

"Duba da kanki, likita. Barci ya ƙoshi, zuciya lafiya lau. Ni ba na sa marar lafiya a fage."

Ta duba, ta ce to wataƙila suma ce kawai, a ɗaura masa ruwa a ga abin da hali zai yi.

Tsoro ya kama Kolo, na Alhaji da na idon Inna. Ya dubi Musaddiq, jini na silalowa daga kunnensa.

"Likita, wannan barcin nawa ne," ya ce. "Shi tun Kafin Hausa bai runtsa ba."

Likita ta ajiye wayar, ta ce a kira direban motar asibiti yanzu-yanzu, Kano za a wuce da shi. Da Kolo ya kama bakin gadon zai taya turawa, Inna Kulu ta cire hannunsa.